Ku ba mu labarin ranar da kuka kira Kaka kan saniyarku

Jikansa na fari:
Assalamu alaikum. Yau mako uku da rasuwar Kaka. Ya haura shekara 60 tare da shanu, tun yana yaro yana bin garken mahaifinsa har ƙarfi ya ƙare ya koma zama a bakin turke yana kallonsu. Duk wanda ya zo mana gaisuwa sai ya ce "akwai ranar da saniyata ta kwanta..." Mu na gida rabin labaran nan ba mu san su ba, don shi ba mai faɗin abin da ya yi ba ne. Don Allah wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa saboda dabba ya rubuta mana. Ina so in tara wa ƙannena.

Maƙwabciyarsu:
Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, bari in fara. Shekarar da maigidana ya yi doguwar jinya, karsanarmu ta tashi haihuwar fari da tsakar dare. Ta yi ta nishi, ƙafa ɗaya ta leƙo, daga nan shiru. Yarana suka ɗaura igiya za su ja. Baba yana shigowa ya ce kowa ya saki. Ya wanke hannu da sabulu har kafaɗa, ya ce maraƙin da ya zo daidai, kofatai biyu na gaba ake gani da hanci a kansu, in ɗaya kawai ka gani to ɗayar ta lanƙwashe a ciki, ja kuwa yaga uwar zai yi. Sai ya tura maraƙin ya koma baya, ya lalubo ƙafar, ya rufe kofaton da tafin hannunsa don kada ya ji mata ciwo, ya miƙo ta. Ba ya ja sai saniyar ta yi nishi, ta huta ya huta. Ni ce mai riƙe fitila, hannuna sai rawa yake. Da maraƙar ta faɗo ya share mata hanci, ya goge ta da ciyawa, ya kai ta gaban uwar. Na ce Baba je ka kwanta, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga ta sha dakashi, don nonon farkon nan shi ne garkuwarta, kuma bayan kwana ɗaya cikinta ba ya ɗaukar amfaninsa. Sai da gari ya waye ya tafi, rigarsa duk jini. Na aika masa da abin godiya, ya dawo da shi.

Wanda ya yi masa kiwo yana yaro:
Ni shekara bakwai na yi a hannunsa. Da safe ba ya fara ƙirga shanu, tsayawa yake ya ga wa ke tuƙa, wa ba ta yi. Saniyar da ta daina tuƙa, ta ware daga 'yan'uwanta, kunne ya faɗi, ita zai nufa. Wata rana na kai su ɗanyar ciyawa da sassafe, raɓa ba ta ɗauke ba, su kuma da yunwa. Kafin hantsi gefen hagun wata ya kumbura, in ka buga kamar ganga. Na rugo ina kuka. Bai ce min komai ba. Ya ɗura mata man girki, ya gitta mata kara a baki don ta yi ta tauna, ya tsayar da ita gabanta a kan tudu, muka yi ta zagayawa da ita har ta fara gyatsa. Sai da daddare ya kira ni ya bayyana min cewa babban tumbin yana hagu, iska ce ta taru ta rasa hanyar fita. Da ya dake ni a ranar, da ban riƙe karatun haka ba.

Wani matashi mai kiwo:
Nawa gajere ne. Na kusa sayen saniya da aka ce min shekararta uku. Baba ya buɗe bakinta ya nuna min: manyan haƙora takwas na ƙasa duk sun fito, har sun fara cinyewa. Ya ce biyun farko wajen shekara 2 suke fitowa, baki ba ya cika sai kusan 5. Mai sayarwa bai ƙara magana ba.

Likitan dabbobi mai ritaya:
Ni sau da yawa shi ke kirana, kuma wannan ne nake so a sani. Ya san iyakar saninsa. In abu ya wuce hannu, ba ya jira dabba ta galabaice kafin ya aiko. Ya ga ɓarnar ciwon bushiya, annobar da ke kashe shanu, da idonsa yana saurayi, shi ya sa duk ranar allurar rigakafi garkensa ne a gaba, masu shakka su biyo baya. A 2011 da aka sanar an kawar da bushiya daga duniya, cuta ta biyu bayan agana, na je na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya fara kiran sunayen shanun mahaifinsa da suka mutu. Lokacin da ciwon baki da kofato ya shiga garkensa kuwa, da kansa ya hana su zuwa mashaya, ya yi makonni ana ɗebo musu ruwa, kuma ko ɗaya bai sayar ba sai da suka warke. Ya yi asara, na sani.

'Yarsa, gwaggon mai tambaya:
Ɗana, na karanta duka, na sha kuka. Kafin ya kwanta ciwo ya kira ni ya nuna min jar karsanar nan, ya ce bijimi ya hau ta, in ƙirga kwana 280 da 'yan kai. Na rubuta a bango. Saura kwana tara. Yau na duba, hantsarta ta cika, gindin wutsiya ya fara saki. Kai da ka yi masa kiwo, don Allah ka zo ka kwana kusa da mu makon nan. Haihuwar fari ce, kuma ban taɓa tsayawa a kai ba shi ba ya nan.