Yayana ya canja hali tun da ya faɗi a mashin, sammu ne ko me?

Abu_Hanan:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka min da shawara. Wata bakwai ke nan yayana ya faɗi a mashin goshinsa ya daki kwalta, an yi ɗinki, kwana uku aka sallamo shi, jiki kam ya warke sumul amma wlh kamar an musanya mana shi. Mutumin da ko ɗaga murya bai iya ba, yanzu a kan gishiri ya ɗan yi yawa sai ya kifar da kwanon tuwo a gaban yara, kuɗin shago kuwa rabarwa yake ba lissafi. Hajiyarmu ta dage hannu aka sa masa. Wai buguwar kai tana canja hali ne, ni na zaci hali a zuciya yake?

Maman_Ilham:
Allah ya ba shi lafiya. Tana canjawa sosai ma, tunda goshi ka ce. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne birkin mutum, shi ke tsara abu ya kuma hana ka faɗin duk abin da ya zo bakinka. Akwai wani Ba'amurke Phineas Gage, 1848 yana aikin shimfiɗa layin dogo a Vermont nakiya ta tashi da sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta ɓullo ta tsakar ka, kuma bai mutu ba fa! Amma likitansa Harlow ya rubuta cewa ya koma mai ashar marar haƙuri, har kamfanin ya ƙi mayar da shi aiki. Daga baya dai ya ɗan daidaita har ya yi tuƙin keken doki a Chile, sai 1860 ya rasu. Ku mayar da shi a yi hoton ƙwaƙwalwa, a ga likitan ƙwaƙwalwa.

Dan_Tudun_Wada:
Kar dai a bar addu'a, amma ku bi shawarar Maman Ilham. A Suratul Alaƙ ma makwarkwaɗa, wato gaban kai ta wajen goshi, aka siffanta da ƙarya, ni abin yana ba ni mamaki. Kuma kafin nan wani ya riƙe masa kuɗin shagon nan da dabara.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai. Matsalar Hajiya ce, da ta ji likitan ƙwaƙwalwa za ta ce mun mai da ɗanta mahaukaci. Bari in fara samun kawu, shi kaɗai take jin maganarsa.