Tsohon layin dogo da aka daina amfani da shi: zai iya zama hanyar ƙafa da keke?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. A ƙananan garuruwan bayan Legas, ta wajen Ogun, akwai guntayen layin dogo da ciyawa ta cinye. In ana son mai da kilomita 1 hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke, daga ina ake farawa?

Mai Awo: Wa alaikumus salam. Daga takarda, Malam. Filin na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, ko da jirgi ya shekara 30 bai bi ba. Sai an sami izininta a rubuce. Kuma layin da ya yi shiru yakan farfaɗo: ga sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, ga layin jirgin cikin gari da ake kira jan layi, Agbado zuwa Oyingbo, na 2024, a yankin Legas duk sun bi tsohon filin. A Amurka dokar 1983 ta ba da damar a ari irin wannan fili a yi hanya, bisa sharaɗin jirgi zai iya dawowa. Ku nemi aro irin wannan, kada ku kafa gini.

Injiniya Oshodi: Gaskiya ne. Sai ruwa, don shi ke kashe hanya a Legas. Kafin komai a bi kwalbatoci ɗaya bayan ɗaya a yashe su, a buɗe lambatu a gefe biyu. In aka tsallake wannan, ruwan Yuni zai kwanta ƙarƙashin hanya ya zaizaye ta.

Faɗi mita 3 ya isa keke biyu su wuce juna. Tsakuwar layin dogo manya ce, tayar keke ba ta zama a kanta, amma kada a kwashe ta. A baje ta a daddanne da rola, a ɗora dutsen da aka niƙa mai haɗe da garinsa, kaurin santimita 15. Kilomita 1 zai ci kubik mita 450 bayan dannewa, to a yi oda da ƙari. A kai a zuba yashi santimita 3 zuwa 4, a jera bulon intalok mai kaurin santimita 6. A karkatar da saman santimita 2 a kowace mita don ruwa ya gangara. Dole a yi dakalin kankare a gefe. In babu shi bulon zai buɗe ya watse.

Hajiya Idi-Araba: Don Allah a kula da katakon da ke ƙarƙashin dogo. An jiƙa shi da wani baƙin mai mai guba don gara. Kada a bari kowa ya hura wuta da shi, balle masu suya. Ƙarfen kuma na hukuma ne, ba na 'yan jari-bola ba.

Injiniya Oshodi: Hajiya ta kawo muhimmin abu. Sauran matsala 'yan acaba ne. Turakun ƙarfe a bakin hanya, tazarar mita 1.5, za su tare mota, amma Keke Napep da babur za su shige. In aka matse su, keken guragu ba zai wuce ba. Wannan sai an zauna da ƙungiyar 'yan acaba da masu unguwa tun kafin rola ta iso.