Zuciyar ɓera da ta Babanmu, ina haɗinsu?

Maman Hanif, Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan zuciyar Babanmu ba ta bugawa daidai. In na ɗora yatsu a wuyan hannunsa sai in ji ta buga, ta buga, ta yi tsit, sannan ta zabura kamar an koro ta. Likita ya duba ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ya ɗora shi kan maganin amiodarone. Jiya ƙanena ya ce ai irin waɗannan magunguna a jikin ɓera ake fara gwada su, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Don Allah masana, me zuciyar ɓera za ta faɗa a kan ta dattijo mai shekara 71?

Ɗan Kemis, Bauchi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Kina da gaskiya. Zuciyar ɓera tana bugawa kusan sau 600 a minti, tamu kuwa 60 zuwa 100, shi ya sa ba a tsayawa kansa. Ana wucewa zomo da kare, don yadda lantarkin zuciyarsu ke hucewa bayan kowane bugu ya fi kama da namu. Abin da ake fako a takardar ECG shi ne tazarar QT, wato lokacin da lantarkin zuciya ke ɗauka daga fara bugu zuwa hucewa. In magani ya tsawaita ta, yana iya tada bugun da ke kashewa nan take. Kin tuna Halfan na zazzaɓin cizon sauro? Illarsa ke nan.

Anti Nas:
Ni abin da zan ƙara, ko magani ya tsallake dabba, da sauran aiki. A 1989 aka tsayar da gwajin wasu magungunan bugun zuciya, flecainide da encainide, a jikin mutane a Amurka: sun daidaita bugun masu toshewar jijiyar zuciya, amma mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda suka sha. Na Baba kuwa tun shekarun 1960 mutane ke shansa, an san halinsa. Yana taɓa huhu, hanta da tayirod (wata halitta a gaban maƙogwaro), ki roƙi likita ya riƙa dubawa. Kada kuma ya daina sha da kansa.

Baffan Yara:
Ni dabbobin nake tausayi. Fatana ana sa musu maganin barci kafin a taɓa su.

Maman Hanif:
Na gode, Allah ya saka. Anti, Baba yana ɗan tari da dare tun satin jiya. Ba zan jira ba, gobe da safe zan kai shi wurin likita.