Neman taimako: Windows 7 ta ƙi tashi a cikin Hyper-V

Assalamu alaikum. Na kwafe tsohuwar kwamfutar ofishinmu mai Windows 7 zuwa fayil ɗin VHDX (kwafin faifan kwamfutar) da manhajar Disk2vhd, na ɗora shi a Hyper-V, manhajar da ke tafiyar da wata kwamfuta a cikin kwamfuta. Tambarin Windows yakan bayyana na 'yan daƙiƙoƙi, sai allon ya koma shuɗi da lambar 0x0000007B, na'urar ta sake kunna kanta. Na gwada gyaran farawa na Windows (Startup Repair) har sau biyu, abin ya ci tura. Ina zargin direban faifai (manhajar da Windows ke karanta faifai da ita), domin tsohuwar kwamfutar a kan tsarin haɗa faifai na AHCI take, alhali Hyper-V ta tsarin IDE take tayar da ita. Don Allah, yaya zan kunna direban IDE a rajistar Windows (registry, ma'ajiyar saitunanta) daga waje, wato ba tare da ta tashi ba, kuma ba tare da na sake kwafewa ba?