Firiza: sabuwa, 'yar Kwatano ko gyararriya? A ba ni shawara kafin azumi

Maman Walida, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwashi adashe, dubu 260 ke hannuna, ina son firiza ta kwance don sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Na zaga kasuwa. Sabuwa mai lita 200 an ce dubu 340, ba ragi. 'Yar Kwatano da ta fi ta girma dubu 210. Akwai kuma mai gyara a unguwarmu da ya canza wa wata kwamfiresa, wato injin da ke sa ta sanyi, ya ce in kawo 150, in ta yi matsala cikin wata uku zai gyara kyauta. Wutarmu awa biyar ce ko shida, yawanci da dare. Ba ni da janareta, sola kuma ba ta cikin lissafina yanzu. Wanda ya taɓa amfani da ɗaya daga ciki ya taimake ni don Allah.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki haɗa sola kawai ki huta.

Ɗan Jega:
Ni firij ɗin Thermocool na tsaye gare ni tun 2016, ko gas ban taɓa ƙara mai ba.

Inna ta Gusau:
Ɗiyata, ki ji tsoron Allah ki ji tsoron gyararriya. Bara waccan ana saura sati biyu Babbar Salla munka sayi wata, dubu 135. Mai shagon ya rantse 'yar Kwatano ce, jiya anka sauke ta. Fara fes, har da leda a murfi. Kwana goma tana ƙanƙara kamar dutse. Munka yanka ragon layya, maƙwabta biyu sunka kawo nasu naman ajiya don sun ji na yi firiza. Ran kwana uku da Salla na buɗe, warin da ya buge ni har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi. Ga wuta, ga ta tana kuka, sanyi ko babu. Da anka kira wani mai gyara ya kwance bayanta, sai ga bututun duk walda, fenti ne anka fesa bisa tsatsa. Na koma shagon, ya ce wutarmu ce ta ƙone ta. Asarar kuɗin ba ta yi mini zafi kamar kunyar naman mutane ba. Ɗaya ta yafe, ɗayar har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Maman Walida, Birnin Kebbi:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Inna.

Usta na Argungu:
Inna sannu, amma wannan ba gyara anka sayar miki ba, yaudara ce. Shekara 14 ina wannan aikin. Maman Walida, duk wadda za ki saya, ki duba takardar da ke manne a jikinta. Akwai harafin yanayi: N na jure zafi zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T zuwa 43. Da yawa cikin kayan Turai N ne ko SN, wanda shi ma iyakarsa 32, mu ko a Maris da Afrilu zafinmu na haura 40, sai injin ya yi ta aiki ba hutu har ya mutu. Ki duba gas kuma, R600a ne ko R134a, a tabbatar kwamfiresar da aka sa ta dace da shi. In an rubuta 110V ki bar ta, ta Amurka ce, tamu wutar 230 ce. Kada ki biya sai an kunna ta gabanki ta daskarar da ruwan leda. In kin kai ta gida ki bar ta ta zauna wasu awoyi kafin ki jona, man injin ya koma mazauninsa.

Abu Sadik:
Mai gyara zai ce gyararriya ba ta da kyau ne? Abincinsa ke nan.

Usta na Argungu:
Malam, kai da ka ce ta sa sola bayan ta ce ba ta da halinta, shawarar wa ya kamata a ajiye? Ban ce ta sayi gyararriya ba, kuma sababbin ma wurina ake kawo su.

Inna ta Gusau:
Wanda ya cuce ni ma haka ya iya zuba bayani. Ni dai wadda ta ɗanɗana nake cewa a saurara.

Bawan Allah:
Ku sayi randa ku binne cikin yashi. Kakata ta yi shekara 40 da tata, ba ta taɓa sanin an ɗauke wuta ba.

Ummu Hanif, Yauri:
Bawan Allah randa na yin ƙanƙara ne? Maman Walida, 340 ɗin nan an tsuga miki. Ƙanwata ta sayo mai lita 200 a Kano dubu 285.

Ɗan Jega:
Yaushe? Makon jiya na tambaya a Sakkwato, 370. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, farashin wata uku baya ba farashi ba ne. Ki ƙara kuɗin mota daga Kano, in kuma ta lalace can za ki mayar da ita da takardar garanti.

Ummu Hanif, Yauri:
Da rasit fa nake magana. 'Yar Kwatano ma a nan 170 ake samu.

Malama Zuru:
Ni sabuwa na saya cikin kwali, wata bakwai ta yi. Wutar da ake kawo mana ko fanka ba ta juyawa sosai, injin ya yi ta ƙas-ƙas yana son tashi ya kasa, har ya ƙone. Da na koma aka ce garanti bai shafi matsalar wuta ba. Ki ware kuɗin sitabilaiza tun yanzu, mai jinkirta kunnawa.

Usta na Argungu:
Gaskiyar Malama. Raunin wuta ya fi ɗaukewa kashe inji.

Ɗan Jega:
Mu tiransifomarmu ta ƙone tun damina. Gida-gida aka bi, kowa dubu 8, aka gyara, sati uku ta sake ƙonewa. Takardar kuɗin wuta ko ba ta fasa zuwa ba, har na watannin da muka yi cikin duhu.

Malama Zuru:
Ku nemi mita.

Ɗan Jega:
Shekara biyu da cika fom.

Maman Walida, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Amma da awa shida ɗin nan, wacce za ta riƙe ƙanƙara daga asuba zuwa shan ruwa?

Inna ta Gusau:
Dubu 8 kunka ba da? Mu 12 anka karɓa, har gidajen zawarawa ba a ɗaga ma ba. Na ce ma mai unguwa a kawo lissafi a karanta bayan sallar Juma'a, har yanzu shiru.

Abu Sadik:
Shi ya sa na ce sola tun farko.

Ummu Hanif, Yauri:
Inna, a wurinku wa ke riƙe kuɗin, mai unguwa ko kwamiti? Mu ma ranar Asabar za a fara bin gidaje.