Kwaɗon bishiya ko tsaka, wanne zan sa a dogon akwatin gilashi?

Mai_shuka: Salam 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Na haɗa akwatin gilashi tsayinsa santimita 90, na sa rassa da ganye masu faɗi, danshi na kaiwa kashi 80 cikin ɗari bayan feshin ruwa. Kwaɗi masu hawa zan sa ko tsaka? Ko in haɗa su?

Kwadon_dare: Kar ka haɗa su malam, kwaɗo in ya girma duk abin da ya shiga bakinsa haɗiyewa yake. Ni kwaɗon bishiya mai jan ido nake kiwo, na Amurka ta Tsakiya, kyau kam ba magana amma da rana sai ya manne a bayan ganye ya naɗe ƙafafu ya rufe ido, sai dare yake fitowa farautar gyare. Kuma ruwan famfo mai kilorin cutar da su yake, ta fata suke shan ruwa.

Uwar_tsaka: Gaskiya in kana son abin kallo da rana nemi koriyar tsakar Madagaska, Phelsuma, tana lasar 'ya'yan itace da aka dama, sai dai dole a sa mata fitilar UVB (mai ba da haske irin na rana) kuma ba a kama ta, fatarta saɓulewa take. Tsaka mai tukku ta Sabuwar Kaledoniya (tsibirai a tekun Pasifik) ta fi sauƙi amma in zafi ya wuce digiri 29 ta wahala, tawa ma ta yar da wutsiya ranar da na tsorata ta, har yau wutsiyar ba ta sake fitowa ba wallahi abin na damuna.

Mai_shuka: Nagode sosai, ɗakina da zafi, bari in auna shi na sati guda tukuna.