Wane suna za mu ba kabin filta da Hausa?

Mai gyaran AC, Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Da hunturu ya kama, motoci da yawa da AC ɗinsu ya daina hura iska sosai kabin filta ce, wato filtar da ke tace iskar da ke shiga cikin mota, ta toshe da ƙura. Amma in ka ce "filta" sai mai mota ya ce ai an canza mashi, alhali ta inji aka canza. A samo sunan da zai raba su. Ni rariyar iska na gani.

Malamin Hausa, Daura: Wa alaikumus salam, Oga. Rariya tsaki take riƙewa ta bar gari ya wuce, mu kuwa garin ƙurar nan mai laushi muke gudu, shi ke kaiwa huhu. Matata kuma, kunne ya saba da matatar mai ta Kaduna, a rubuce ma sai a ɗauka iyali ake nufi. Mataci ya fi, irin na koko.

Mai sayar da kayan mota, Ƙofar Ƙwaya: Malam, tsorona ɗaya. Matacin koko wanke shi ake a shanya. Wannan yawanci takarda ce mai ninki-ninki. In ruwa ya taɓa ta sai ta saki, ta yi fumfuna, motar ta ɗauki warin danshi. Busa ta da iskar kwamfuresa ma yaga zarenta yake. Canzawa ake.

Mai gyaran AC: Haka ne, Alhaji, amma wannan gargaɗi ne da za mu riƙa yi da baki, bai hana sunan zama ba. A Corolla da Camry tana bayan akwatin da ke gaban fasinja: a matse gefunansa ya sauko, a cire murfi, a zaro ta, a bi kibiyar jikinta wajen saka sabuwa. Kamfanoni kan ce a canza ta bayan tafiyar wajen kilomita 15,000, mai bin hanyar Jibiya ko Mai'aduwa cikin hazo kada ya jira haka. Akwai mai gawayi, tana rage wari. Sai dai a kula, ba ta tare gubar hayaƙin salansa. In salansa na yoyo, salansar za a gyara.

Malamin Hausa: To, matacin iskar cikin mota, a taƙaice matacin ciki. Ɗayan matacin inji.

Mai sayar da kayan mota: Na yarda. Mai gawayin kuma a ce matacin ciki mai gawayi, don kuɗinsu ba ɗaya ba.